Allunan Ƙanƙara a Gidan Takaba

Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da ke zubowa daga sama kamar garin tuwo ba, kuma a shekaruna ba na sa ran gani. Amma yau ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi bambancin allon zamiya mai faɗi da siriri, zan faɗa ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ban nemi wannan ilimi ba. Ɗura mini shi aka yi a cikin takaba, ina zaune a kan darduma a gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina, ina kukan mijina. Maƙwabciyata ta sama, wadda ke aikin ba da magani a asibiti, ita ce ke rubuta abin da nake faɗa, don ni ko alif ban iya ja ba. Na ce ta bar shi yadda ya fito daga bakina.

Alhaji ya rasu a ƙarshen sanyi. Da hantsi ya dawo daga gonar dabino ta Al-Awali, inda ya yi aiki tun gashinsa yana baƙi, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, in ba shi ruwa. Na ba shi, ya sha rabi. Sauran rabin yana nan a idona har yau. Kafin la'asar an yi masa wanka, bayan la'asar an sallace shi a Harami, aka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a. Haka Madina take, ba ta jiran kowa. 'Yarmu tilo da mijinta sun taso daga Yanbu, suka iso an riga an dawo.

Wanda bai san garin nan ba sai in gaya masa. Mata ba sa shiga Baƙi'a. Kaburburanta kuma ba su da suna, ba su da rubutu. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse a wajen kai, wannan kamar wancan, har iyakar ganin ido. In ba ka tsaya a wurin ranar da aka rufe mutum ba, ka rasa shi ke nan. Mu mata iyakarmu jikin katanga, inda aka bar tagogi na ƙarfe, mu leƙa mu yi sallama. Ni kuwa abu ɗaya na roƙi Allah a waɗannan watanni: ranar da na fita takaba, in na tsaya a jikin ƙarfen nan, in san inda zan juya fuskata. Mutumin da nake gane tarinsa tun daga bakin layi, ba zan je in yi wa fili sallama a madadinsa ba.

Mutum ɗaya ne a cikin namu ya san wurin. Amininsa ne na gona, wani tsoho mutumin Damagaram da muke ce wa Malam. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi, shi ya riƙe alamun wurin a ransa. To shi ma 'ya'yansa sun gama masa takardun komawa gida gaba ɗaya, kuma ranar tafiyarsa za ta riga fitata takaba. Dole wani namiji na gidan nan ya bi shi ya ga wurin kafin ya tafi. Suruki ba a aikensa. Namijin da ya rage mini shi ne jikana.

Ɗan farin 'yarmu ne, tun yaye aka kawo mana shi. Alhaji ya goya shi a kafaɗa har cikin gona, ni na yi masa wanki har ya fi ni tsayi da kai biyu. Tsakanina da shi akwai wasan kaka da jika: ni in ce masa angona, shi ya ce mini amarya da karyayyar Hausarsa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, irin yaran da aka haifa a nan. Sitti yake ce mini, kakansa kuma Sidi. Da ya gama makaranta aka tura shi karatun injiniya a wata ƙasa mai nisa, inda sanyi ke daskarar da ruwan famfo. A can ya koyi wannan sana'a ta marasa aikin yi: mutum ya ɗaure dogayen alluna biyu a ƙafa, ya hau dutse mai ƙanƙara, ya sulalo ƙasa, ya sake hawa. Ranar da Alhaji ya rasu yana kan dutsen. Bai samu zuwa ba sai da aka yi dogon hutu, lokacin da zafi ya kama, ɗanyen dabino ya fara nuna.

Tun da ya shigo ban ce masa angona ba. Bakina ya ƙi. Mace mai takaba ba ta da ango, ko na wasa.

Akwai alkawari a tsakaninsa da kakansa. Wata rana suna magana ta wayar da ake ganin fuska, Alhaji ya ji cewa allunan da yaron ke hawa na haya ne. Abin ya ɓata masa rai, don shi mutum ne da ko lauje ba ya aro. Ya ce: "Jikana ba zai yi ta sa takalmin da kowa ya sa ba. Ka ci jarrabawarka, zan saya maka naka. Amma ɗaya fa. Ƙafa biyu gare ka, ba huɗu ba." Yaro ya ci jarrabawa, mai alkawari ya tafi. Ni kuwa ba zan bar maganar mamaci a rataye ba. Washegarin zuwansa na ce masa: "Alkawarin Sidinka yana nan. Ka zaɓi wanda kake so, uwarka ta san yadda za a biya. Kuma gobe da asuba Malam zai zo ya kai ka Baƙi'a."

Ya ce: "Ɗayyib, ya Sitti. Bukra, in sha Allah." Wato to, gobe.

Da na san abin da na buɗe, da na fara da Baƙi'a na yi shiru a kan alkawarin.

Ashe allunan ba iri ɗaya ba ne. Ya zauna kusa da darduma, ya kanga mini waya a fuska, ya fara karatu. Wuri biyu yake zuwa. Na farko fili ne kusa da garinsu, an tara ƙanƙara an daddaɓe ta ta yi tauri, an gina tudu-tudu na tsalle, an shimfiɗa dogayen ƙarafa irin na hannun matakala. Samari su zo a guje su dira a kan ƙarfen su zame, wasu su juya a sama su sauka da baya. Wannan wuri yana son allo siriri, gajere, mara nauyi, mai lanƙwasa, wanda bakinsa da wutsiyarsa duka suka ɗaga sama don a iya tafiya da baya. Na biyu kuma can cikin duwatsu ne, bayan sabuwar ƙanƙara ta zuba ba wanda ya taka. Ya ce laushinta ya fi garin da aka tankaɗe, mutum yana iya nutsewa har ƙugu. Wannan yana son allo mai faɗi, dogo, wanda zai zauna a saman garin kamar faifai.

Na ce: "Wanne ka fi zuwa?"

"Filin tsalle. Kusan kullum bayan darasi, bas ɗaya ne."

"To sayi siririn."

"Amma ya Sitti, ranar da garin ya zuba fa? Ranakun ba su da yawa, amma don su ake jiran sanyi. Da siriri zan nutse, abokaina su wuce su bar ni."

"To sayi mai faɗin."

"Yana da nauyi a tsalle. Kuma ƙarfe zai cinye gefensa."

"Babu na tsakiya?"

Fuskarsa ta yi haske kamar na ba shi albishir. Akwai na tsakiya. Na tsakiyan ma kala-kala ne: akwai wanda ya karkata wajen siriri, akwai wanda ya karkata wajen mai faɗi. Na ce ya nuna mini bambancin da hannu. Ya ware yatsu biyu, abin bai kai faɗin ɗan yatsana ba. Na dube shi, na dubi yatsun. Na ce: "Kakanka takalmi ɗaya ya sa ya shiga laka a gona, ya wanke shi ya je Harami."

"Sidi ba ya tsalle a kan ƙarfe."

"Bishiyar dabino yake hawa, ko takalmin babu. Kai ka taɓa hawa?"

Ya yi dariya, ya koma kan waya.

Da asuba Malam ya zo. Na ji sandarsa a matakala, na ji ya ajiye kwalin ɗanyen dabino a bakin ƙofa. Ina daga ciki ya ce: "Hajiya, ya haƙuri? Saurayin ya shirya?" Saurayi yana barci, waya a kan ƙirji, wasu mutane a cikinta suna zamewa. Na tashe shi, ya ce kansa na ciwo. Malam ya ce ba komai, ana buɗe ƙofar Baƙi'a bayan la'asar ma. Da la'asar ta yi, yaro ya ce wani ɗan makarantarsu da ya san alluna zai kira shi yanzu-yanzu. Washegari ya ce zafi ya yi yawa. Wata rana ya ce motar ba ta da lafiya. Tsoho mai ciwon gwiwa ya yi ta hawa bas daga Al-Awali yana komawa, har dabinon da yake kawowa ya cika mini firji. Kunya ta sa na daina tambayarsa gajiya.

Ni kuma karatu bai tsaya ba. Ina jan carbi, a zo a ce mini in duba wannan, gefensa ya fi kauri. Ina share hawaye, a ce wancan wani a wata ƙasa ya ce yana karkarwa in an yi gudu. Matan unguwa su shigo gaisuwa, wata mutuniyar Chadi da ke unguwar Al-Ranuna ta tambaye shi karatu, kafin ta sha shayinta ya koya mata inda ake ɗaura ƙafa a jikin allo. Wai in a tsakiya aka huda aka kafa maɗaurin, ya yi wa tsalle daidai, in an ja baya kaɗan ya yi wa gari daidai, kuma in an huda an huda. Matar ta fita tana ce mini a ƙofa: "Hajiya, a yi masa addu'a. Karatun waje ba kowa yake bari lafiya ba."

Har wata riga ya zo da ita daga can, wai tela ya gyara mata zif. Ƙatuwa ce mai kumburi, launin ɓawon lemu, irin wanda ke sa ido ruwa. Na ce wane mahaukaci ne ya rina wannan. Ya ce da gangan ake yin su haka, don in mutum ya faɗi a cikin farin waje ko ƙanƙara ta danne shi, a hango shi daga nesa. Na ce madalla, wato har an san za ta danne mutum, kuma ake zuwa. Ya rataye ta a bayan ƙofa, ba tela ba labarinsa.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi shiru na fushi wanda a da yake sa shi zuwa ya zauna a ƙafafuna. Duk a banza. Na kira uwarsa, ta ce: "Inna, ki bi shi a hankali." Ita ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsawata masa. Ana haka Malam ya zo ya faɗa ta bayan ƙofa cewa jibi jirginsu zai tashi daga Jidda, gobe zai bar Madina. Ya ce: "Yau da la'asar zan tsaya a bakin ƙofar Baƙi'a, Hajiya. In ya zo, to. In bai zo ba, Allah ya san inda bawansa yake." Na ce haka ne. Amma ni ban sani ba.

Akwai bishiyar dabino ɗaya a bayan gidanmu, Alhaji ya dasa ta shekarar da muka tare. Bayan azahar ɗin ranar na shiga alwala. Ina fitowa da buta a hannu, na ɗaga labulen falo, sai na ga jikana a miƙe a ƙasa. A kan bayansa yake, cikin farar riga, ƙafafu a haɗe, idanu a rufe. Daidai wurin da aka shimfiɗa Alhaji. Kuma a gefensa, daga diddige har ya wuce kai, an miƙe zarɓa, reshen dabino da aka share ganyensa tas.

Ban san lokacin da butar ta faɗi ba. Ihun da na yi, maƙwabciyata da ke rubuta wannan ta ji shi daga sama, ta sauko ba takalmi. Yaro ya zabura ya tashi zaune yana cewa: "Esh fi? Sitti, mene ne?" Na fizge zarɓar na taka ta da ƙafa, ni da ba na iya buɗe murfin kwalba, na karya ta. Na ga wata gajera a jingine da bango, ita ma na karya. Ina salati, ina zaginsa a lokaci ɗaya.

"Wa ya auna ka? Wa ya ce ka kwanta? Ɗan banza, ɗaya bai ishe ni ba?"

Ya ce wallahi tsawon alluna yake gwadawa. Na filin tsalle a ido yake tsayawa, na gari kuma ya wuce kai. Ya yanko rassa biyu daidai tsawonsu don ya ji yadda suke a jikinsa. A tsaye reshen yana lanƙwashewa, ba mai riƙe masa, shi ne ya kwanta. Idanun kuwa ya rufe ne yana tunanin dutsen.

Bai sani ba. Ina zai sani? A nan aka haife shi, inda ake haƙa kaburbura a jere tun kafin masu su su mutu. Na zauna a ƙasa na gaya masa. A ƙauyenmu ba a auna tsawon mutum da kara sai ya mutu. In rai ya fita, wani zai shigo da karan dawa ya miƙa shi a jikin gawa daga ƙafa zuwa kai, ya karya daidai, ya kai wa masu haƙa. Ina ƙarama na ga an yi wa babana. Uwata ta daure da wankan, ta daure da likkafani, amma da ta ga karan ya fita ta ƙofar zaure sai ta faɗi. Ni kaina na sha duka a hannun kakata don na gwada tsawon ƙanena da kara muna wasa. Shi kuwa Alhaji ko karan ban ga an fita da shi ba. An ɗauke shi kawai, kamar an ɗauke tabarma.

Maƙwabciyata ta tsince guntayen ta fita da su. Muka rage ni da shi. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi magana, abin da rabonsa da yi tun yana ƙarami.

"Sitti, ranar nan wayata ta yi ƙara. Ina kan layi, saura mutum ɗaya in yi tsalle. Na ga lambar gida. Na ce bari in sauka tukuna. Na sauka, na sake hawa. Na manta. Da na kira, an rufe shi."

Na ce: "Shi ya sa ka ƙi zuwa Baƙi'a?"

"In na je wurin, ya tabbata ke nan. In na zaɓi allon kuma, abin da Sidi zai ba ni ya ƙare."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shi ma ya yi, da majina da komai, ƙaton mutum mai gemu. Amma haushina bai tafi ba, kuma ban yi kamar ya tafi ba. Na ce: "Ya tabbata ko ka je ko ba ka je ba. Da ka ɗauki wayar me za ka yi? Ni da ke riƙe da kofin ban tsare shi ba. Ka bar tsoho yana jan gwiwa a bas, ka bar ni ina ƙirga kwanaki, kana tambayar mutanen duniya faɗin katako. Katako zai jira. Malam ba zai jira ba. Tashi ka sa takalmi, mai faɗi ko siriri, ka fita mini daga gida."

Ya tashi. Motar da ba ta da lafiya ta tashi da bugu ɗaya.

Bayan magariba ya dawo, ƙura har gwiwa, idanu jajir. Ya ce Malam ya bi da shi hanyar, ya dawo da shi bakin ƙofa, ya ce ya kai kansa. Ya ɓata, aka sake. Sai da ya je shi kaɗai ba kuskure tsohon ya ƙyale shi. Daga ƙofa a bi shimfiɗaɗɗiyar hanya har inda ta rabu biyu, a ɗauki dama, a wuce wani wuri da gefen hanyar ya ɓare, dutsen kan kuma baƙi ne mai tsaga a sama. Ya ce ya ajiye wurin a waya ma. Na ce ya ajiye a kansa, waya tana faɗawa ruwa. Sai ya ce: "Amma da nisa daga katanga, ya Sitti. Kuma kowa fari ya sa. Da idonki ba za ki gane ni ba."

Na dubi bayan ƙofa. Shi ma ya juya ya duba.

"A'a, Sitti. La. A wannan zafin?"

"Ba kai ka ce don a hango mutum daga nesa aka yi ta ba?"

Malam ya tafi washegari. Ya yi mini sallama ta bayan ƙofa, ya ce in yafe masa, na ce shi zai yafe mana. Ban ga fuskarsa ba, kuma na san ba zan ƙara jin sandarsa ba.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa tufafin da 'yata ta kawo daga Yanbu. Hasken waje ya soke mini ido, kamar ban taɓa ganin titin Ƙuba ba. Bayan la'asar muka isa. Ni da 'yata muka tsaya a jikin katanga tare da sauran mata, ƙarfen tagar ya yi zafi har sai da na naɗe hannuna da mayafi kafin in riƙe. Shi kuma ya nufi ƙofar maza, ya zura rigar lemun nan a kan farar rigarsa, zif a ɓalle. Daga baya ya gaya mini mai gadi ya tsayar da shi ya ce: "Ya walad, kai yaro, zazzaɓi kake yi?" Ya ce a'a, kakarsa ce ba ta gani sosai. Mai gadin ya dube shi, ya dubi katanga, ya matsa ya ba shi hanya.

Na gan shi. A cikin fararen riguna da jar ƙasa da tattabaru, na ga ɗigon lemu yana tafiya. Ya yi ƙanƙanta, ya karkata dama, ya ƙara ƙanƙanta har ya zama kamar ƙwayar masara. Sai ya tsaya. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya bar shi a ɗage.

Nan ne. A bayansa can akwai dogon ƙarfen fitila, daidai saitin kafaɗarsa, na riƙe wannan. Na riƙe tagar da nake tsaye, wadda ƙasanta siminti ya fashe. Na yi wa Alhaji sallama. Na yi masa addu'ar da na iya, na roƙa masa rahama da sanyin kabari, ina kuka har wata Baturkiya da ba mu jin harshen juna ta dafa mini kafaɗa. Da na gama addu'a kuma na yi masa ƙorafi a raina, don mun saba. Na ce Alhaji, duk abin da za ka bar mini a duniya ka rasa sai alkawarin takalmin ƙanƙara. Ka ce ɗaya, ka tafi, ka bar ni da shari'ar.

'Yata ta ce: "Inna, rana fa. Yaron zai suma." Na ce ya tsaya. Ni na san tsawon jiran da ya sa ni. Sai da na ƙoshi da kallo na ce ta kira shi a waya ya sauke hannu.

Ya fito kamar an tsamo shi daga rijiya, rigar a hannu, fuska ta yi ja. Na miƙa masa gorar ruwa na ce: "Sha, angona. Ka yi kyau a cikin lemu." Ya tsaya da gorar a baki yana kallona. Ya ce: "Amarya, kin kusa kashe ni." Na ce ai ka riga ka auna kanka.

Ya koma makaranta bai zaɓa ba. Sai da sanyi ya kusa ya kira ya ce ya sayi na tsakiya, wanda ya ɗan karkata wajen mai faɗi, bakinsa da wutsiyarsa a ɗage. Ya ce ya san a cikin gari zai ɗan nutse, a tsalle kuma zai ɗan yi nauyi, amma zai kai shi duka wuraren biyu. Na ce wannan ai tun ranar farko na faɗa. Ya ce ba haka na faɗa ba. Na bar shi.

Ni yanzu duk Juma'a maƙwabciyata tana kai ni. Ina neman tagar mai fasasshen siminti, in saita ƙarfen fitila, in yi sallamata. Wani lokaci in tarar da wata a wurin, in jira ta gama. Kukan bai ƙare ba, amma yanzu ya san inda yake zuwa.

Makon jiya wayar ta yi ƙara ina tsaye a jikin katangar. Shi ne. Yana shagon masu alluna, mai hudawa yana jira da abin huda a hannu. Wai a tsakiya za a kafa maɗaurin ƙafar, ko a ja baya kaɗan, ko kuwa rabin kaɗan ɗin? Na ce ya huda duk inda ya ga dama. In dai zai sake auna wani abu, ya nemi igiyar awon tela, kuma ya yi a tsaye.